Ban Haƙuri da Bakin Aro

Litinin, 5 ga Mayu, bayan asuba

Ɗiyata Na'ima ce ta kawo mani wanga littafi. Ta ce tunda jinina ya hau, kuma na ƙi shan magani yadda anka ce, in riƙa rubuta abin da ke raina maimakon daka wa mutane tsawa. Yarinyar da na aika makarantar koyon aikin lafiya, yau ita ke yi mani doka. To ga shi ina rubutawa. Ni Abu mai gero na kasuwar Illela, ba abin da ke raina. Lafiyata lau.

Zafi dai ake yi.

Litinin, bayan la'asar

Abin da ya faru jiya Lahadi a kasuwa ba wani abu ba ne. Harshe da haƙori ma suna saɓawa. Yaya Maccido ya ƙetaro iyaka daga Ƙonni kamar yadda ya saba, ya tarar na rushe tsohuwar rumfar Baba na gina shagon bulo a wurin. Ya yi magana, ni ma na yi magana. Shi ke nan fa. Mutane ne ke da son a ce an ce.

Ya hau mashin ɗinsa bai ko sha furar da na sa anka dama mashi ba. Ita ce kawai ta dame ni, don an yi asarar nono mai kyau.

Talata, 6 ga Mayu, da safe

Matata Baraka ta aje mani koko kamar mai aje wa baƙon da ya daɗe. Shekara ashirin da shida muna tare, na san ƙarar kwano in an aje shi da magana a ciki.

Ta ce, "Malam, saura kwana goma sha takwas."

Na ce na iya ƙirga kwanaki tun kafin a haife ta.

Ɗaurin auren Na'ima da Mannir take nufi, ranar Asabar ashirin da huɗu ga wata. A gidanmu uba ba ya ba da ɗiyarsa da bakinsa muddin yana da wa a raye. Yaya ne waliyyi. Shi ya karɓi gaisuwar mutanen Tozai, shi ya yanka rana, sunansa ke saman kati da manyan baƙaƙe. In aka zauna ranar babu shi, dangin ango ba za su tambaya ba, kallo kawai za su yi, kuma kallon mutanen Tozai ya fi tambaya ciwo.

Na'ima ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Baba, in Baffa bai ba da ni ba, a ɗaga." Ta koma ciki. Ko gaisuwa.

Laraba, 7 ga Mayu, da azahar

Na kira Yaya sau huɗu. Tana shiga, ba a ɗauka. Sabis ɗin Ƙonni sai a hankali.

Laraba, bayan magariba

Sau bakwai.

Alhamis, 8 ga Mayu, da hantsi

Baraka ta ce in hau kabu-kabu in je in durƙusa. Ni? Da furfurata? Ai Ƙonni ba nisa, amma daga tsaye zuwa durƙuso akwai tafiya.

Bashar mai shagon waya da ke jikin nawa ya gan ni ina zaune ina harare-harare. Yana nan ranar Lahadi, ya ji komai, amma yana da kirki bai maimaita ba. Ya ce, "Malam Abu, duniya ta ci gaba. Yanzu ba a wahalar ban haƙuri. Akwai na'ura a waya, AI ake ce mata, kai dai ka faɗa mata matsalarka ta rubuta maka."

Na ce da Hausa?

Ya ce, "Hausar da ko mai karanta labarai a rediyo sai ya sara mata."

Ya sa mani ita a wayata, ya ce in gaya mata abin da na faɗa wa Yaya. Na ce shi rubuta, wata 'yar magana. Ya dube ni, na dube shi, ya rubuta wata 'yar magana. Na'urar ba ta ce wace magana ba. Nan ta fara shiga raina, don ba ta da bin diddigi irin na Baraka. Kafin in gyara zama ta zubo wanga:

"Zuwa ga yayana abin alfaharina. Ina rubuto maka wannan saƙo ne da zuciya mai cike da nadama. Na fahimci cewa kalamaina sun sosa maka rai, kuma na ɗauki cikakken alhakin abin da ya faru. 'Yan'uwantakarmu wata gada ce da ke haɗa jiya da gobe. Ina fatan za ka ba ni damar buɗe sabon babi."

Gada! Wallahi sai da na ji tausayin kaina. Ban taɓa sanin ina da nadama haka ba. Na ce wa Bashar shi tura kafin ta huce. Na sa mata suna Magatakarda.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan an sauko

An karanta. Alamar ta yi shuɗi. Ba amsa.

Asabar, 10 ga Mayu, da safe

Alhamdu lillahi! Allah ya huci zuciyar Yaya. Ga abin da ya aiko, na kwafe shi harafi bayan harafi don jikoki:

"Ƙanena abin ƙaunata, na karanta saƙonka cikin natsuwa, kuma na yaba da ƙarfin halin da ka nuna. Kuskure wani ɓangare ne na tafiyar rayuwa. Ƙofar zuciyata a buɗe take a kodayaushe domin tattaunawa mai ma'ana."

Na shiga cikin gida da waya a sama. Na ce, "Baraka, ina durƙuson? Ga shi daga zaune na gama." Ta karanta, ta sake karantawa, ta ce, "Yaya Maccido ne ya ce abin ƙaunata?"

Na ce ga lambarsa nan.

Ta ce, "Yaushe ya koyi boko?"

Mata ke nan. Gaskiya ne Yaya ajami ya sani, kuma duk saƙon da ya taɓa aiko mani na murya ne, yana farawa da "Kai Abu, kana ji na?" da ƙarfin da ko ba waya sai a ji shi daga Ƙonni. Gaskiya ne kuma sunan da ya fi kirana da shi tun ina yaro shi ne Jakin Inna. Amma tsufa na tausasa mutum. Ƙila ya faɗa, ɗiyarsa Haulatu ta rubuta, ita da ke koyarwa a can.

Na sa Magatakarda ta amsa. Ta ce mashi amsarsa ta zame mani ruwan sanyi a tsakiyar bazara. Na so in ce ta rage, sai na ga ai gaskiya ne ana zafi.

Lahadi, 11 ga Mayu, bayan kasuwa ta watse

Bai zo kasuwa ba. Shekara talatin ban san Lahadin da bai zo ba sai wadda ya karye a ƙafa. Amma ya aiko yana yi mani fatan ciniki mai albarka da nasarori marasa iyaka. Na nuna wa masu awo, na nuna wa mai shayi, na nuna wa duk wanda ya tsaya ranar waccan Lahadi yana kallo. Su san an shirya.

Na sa an dama fura ko da zai zo. Na shanye.

Litinin, 12 ga Mayu, da yamma

Yau rana ce mai cike da darussa. Na tashi cikin godiya, na kuma yi nazari a kan muhimmancin iyali a rayuwar ɗan Adam. Kasuwanci ya koya mini cewa haƙuri shi ne mabuɗin nasara. Duk da ƙalubalen da nake fuskanta, ina kallon gaba da kyakkyawan fata.

Talata, 13 ga Mayu, bayan asuba

Na jiya ba ni ba ne. Na gaji, na ce wa Magatakarda ta rubuta mani abin da ya faru da ni, na kwafa. Yanzu na karanta, ban gane mutumin ba. Jiya fa buhu biyu na tarar ɓera ya huda, na bi shi da takalmi na zame na bugu da ƙugu, na zagi ɓeran har kakanninsa. Ina nazarin muhimmancin iyali a nan?

Amma ka ga shafin ya fi sauran kyau. In wani ya tsinci littafin ga, mutumin Litinin zai so ya ba ɗiya, ba ni ba.

Laraba, 14 ga Mayu, da azahar

Abin ya fara bina. Jaɓɓo, Bafillacen da ke sayen gero wurina tun kafin shi yi aure, ya zo ya yi tayin banza kamar kullum. Abin da munka saba, in ce mashi ko shanunsa ba su yarda da wanga tayi ba, shi ce geron nawa rabi tsakuwa ne, mu yi dariya, shi saya. Yau na buɗe baki sai na ji na ce, "Na yaba da ra'ayinka, amma ina fatan za mu cimma matsaya."

Ya ja da baya. Ya tura hannu cikin buhu har gwiwar hannu, ya shinshina, ya ce, "Mi ya samu geron?" Na ce ba komai. Ya ce, "A'a, Abu, ba ka taɓa yi mani ladabi ba. Akwai ƙwari." Ya tafi wurin maƙwabcina.

A gida Baraka na mitar an kawo gadon amarya da ƙafa ɗaya gajera. Na ce, "Na fahimci yadda kike ji." Ta aje muciya, ta taɓa goshina, ta ƙwala wa Na'ima kira ta kawo abin awon jini.

Saƙo na biyar tsakanina da Yaya ya tafi, na shida ya dawo. Mun kai ga maganar cewa zumunci bishiya ce. Har yanzu ba wanda ya ambaci ranar Asabar.

Alhamis, 15 ga Mayu, bayan la'asar

Na je gaida Inna a tsohon gida. Tun waccan Lahadi nake kewaye mata, yau na ga ina da abin nunawa. Tana zaune tana gyaran zogale. Na zauna na karanta mata duka shidan, da murya mai kyau, ina tsayawa inda ya kamata.

Ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Kai, masha Allahu. Ɗiyan wa ne?"

Na ce, "Inna, ni ne da Yaya."

Ta ce, "A'a. Waɗanga yara masu hankali ne, Allah shi yi wa uwarsu albarka. Ni nawa biyu ne, guda kurman zuciya, guda baki ya yi mashi yawa. In ka ga uwar waɗanga ka gaishe mani da ita."

Na ce an shirya dai, shi ne magana.

Ta ci gaba da tsinke zogalenta. Can ta ce, "Shekararka shida ubanku ya rasu. Yayanka na da goma sha biyar. Wa ya zauna rumfar?"

Na ce na sani.

"Wa ya ɗauke ka a wuya zuwa asibiti da kyanda ta kama ka?"

Na ce na sani, Inna.

"To ka sani. Na ɗauka na'urar ce ba ta sani ba."

Na taso ba ta ba ni ko goro ba.

Asabar, 17 ga Mayu

Saura mako. An gyara ƙafar gado.

Lahadi, 18 ga Mayu, da yamma

Ya zo.

Na hango shi tun daga layin masu albasa, da farar rigarsa da hular nan da ya ƙi canzawa. Na miƙe, na kakkaɓe benci, na ce wa mai fura ta yi sauri. Na ce wa Bashar shi fito shi ga ƙarshen aikinsa. Masu awo sunka daina awo.

Ya gaida mai shayi. Ya gaida Bashar, har ya tambaye shi jikin babarsa. Ya gaida wani Bazabarme da bai taɓa gani ba. Ya iso daidai shagona, na ce, "Yaya, barka da..." Ya bi ta gabana kamar an kafa turke a wurin. Ko bangon shagon ya fi ni samun kallo, don shi ya dube shi sama da ƙasa.

Ina tsaye da kwanon fura a hannu, sai wayata ta yi ƙara a aljihu. Saƙo ne daga lambarsa. Yana yi mani fatan wuni mai cike da farin ciki.

Mai shayi ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Allah ya isa tsakanina da mai shayi.

Litinin, 19 ga Mayu

Ban fita ba. Ƙugu ne.

Talata, 20 ga Mayu, da hantsi

Na'ima ta shigo ta zauna bakin ƙofa, idonta ja. Ta ce sun yi waya da Haulatu. Na ce ban tambaye ta ba. Ta ce ta sani, ta ci gaba.

Wayar Baffa tana hannun Haulatu tun ranar da saƙona na farko ya je. Ita ta karanta mashi. Da ta kai wurin gada sai ya ce ta tsaya. Ya ce, "Wanga ba Abu ba ne. Abu bai san nadama ba ko a mafarki. Wa ya ari bakinsa yana ci mashi albasa?" Ta ce na'ura ce ta waya. Ya ce ita ma tana da irinta? Ta ce awo, tana da ita. Ya ce, "To ki ba ta, su yi ta yi. Inji ya gaishe ni, inji shi amsa."

Kwana goma ke nan na'urata da na'urar Haulatu suna ƙaunar juna, ni ina yawo da su kasuwa ina nuna wa mutane.

Na ce shi ke nan abin da ya ce?

Na'ima ta ce akwai saura. Ya ce, "Da zai zage ni, da bakinsa ya zage ni, bai nemi taimakon kowa ba. Da zai ba ni haƙuri sai ya ɗauko haya."

Na ce mata ta tashi ta ba ni wuri. Ta tashi, ta tsaya, ta ce, "Baba, Mannir na tambaya ko a gaya wa mutanensu." Muryarta ta karye a kan mutanensu. Tun tana goye ban iya jin kukanta ba. Na ce kada a gaya wa kowa komai.

Na ji kunya yau. Na rubuta, ga shi nan, na ji kunya.

Laraba, 21 ga Mayu, bayan asuba

Na ce bari in rubuta da kaina. Na ɓata shafi uku, na yage. Duk abin da na fara sai in ji muryar Magatakarda a ciki. Na rubuta "Yaya ina mai", na tsaya, don ban taɓa zama mai komai ba sai mai gero.

Sai na yi abin da ya fi wauta. Na ce mata ta rubuta kamar ni, Basakkwace, mai zafin kai, wanda bai iya lallashi ba. Ta rubuto, "Wallahi tallahi Yaya, mi ya yi zafi? Wallahi zuciyata cike take da nadama, wallahi." Gadar nan dai ce anka yafa mata rigata. Na tambaye ta ni ƙaƙa nake magana. Ta ce ina magana cikin gaskiya da ƙauna. Maƙaryaciya.

Laraba, da azahar

Ba laifinta ba ne. Wata 'yar magana na ce mata, ta kuwa ba da haƙurin 'yar magana. Zanen aro ba ya rufe katara.

Yaya, shekara goma sha biyar gare shi da Baba ya rasu. Ya bar makarantar allo ya zauna rumfar nan ta zana, ruwa na zuba ta sama, yana awon gero da hannun da bai cika mudu ba, don ni in je boko. Bokon da nake rubutu da shi yanzu. Da ya ga na rushe ta, abin da ya ce kawai, "Ko shawara, Abu?" Ni kuwa gaban masu awo, gaban mai shayi, gaban Allah da Annabi, na ce,

ba kai ka haife ni ba.

Ga ta nan. Kwana goma sha bakwai ina kewaye ta. A takarda ma ta fi muni.

Alhamis, 22 ga Mayu, bayan la'asar

Na bar wayar a gida. Baraka ta ga na sa takalmi, ta miƙo mani hula mai kyau. Na hau kabu-kabu. Duk hanya ina tsara magana, muna ƙetare iyaka ta zube.

Na same shi a zaurensa yana ware albasa, ruɓaɓɓu gefe, masu kyau gefe. Na yi sallama, ya amsa don sallama ta Allah ce. Bai ce in zauna ba. Na tsaya. Na tsuguna. Gwiwata ta yi ƙara yadda har ya ɗago.

Na ce, "Yaya."

Ya ce, "Ina ji."

Na buɗe baki, wallahi abin da ya taho shi ne na ɗauki cikakken alhaki. Na haɗiye shi da ƙyar. Na sake buɗewa, sabon babi ya leƙo. Na haɗiye. Ina ta haɗiya kamar mai cin ƙanzo ba ruwa, shi kuwa yana ta ware albasa.

Can na ce, "Yaya, ni jaki ne."

Hannunsa ya tsaya.

Na ce, "Jaki ne ni, kuma rumfar ma ruwa take zuba, kai ma ka sani, amma da na tambaye ka. Maganar da na yi kuma, bakina ya ruɓe. Ban san abin da zan ce ba. Ka doke ni in kana so, ƙuguna dai ka bari."

Ban san lokacin da hawaye ya zo ba. Albasa ce, zauren cike yake da ita.

Ya daɗe yana dubana. Ya ce, "To, wanga kam Abu ne." Ya ɗauki wata albasa ya juya ta. Ya ce, "Gaskiya ka hwaɗi ai. Ba ni na haife ka ba."

Na ce, "Yaya, don Allah."

Ya ce, "A kasuwa ka hwaɗa, a zaure kake janyewa. Na ji. Tashi ka tahi gida kafin rana ta hwaɗi."

Na ce jibi fa?

Ya ce, "Jibi ta Allah ce."

Haulatu ta biyo ni da ruwa har ƙofa, tana ta ba ni haƙuri. Na ce mata ta gaida na'urarta, ta yi ƙoƙari, ta fi tawa iya zance.

Juma'a, 23 ga Mayu

An kafa rumfar biki a ƙofar gida. Mutanen Tozai sun aiko da goro. Na'ima ba ta ci abinci ba. Bai kira ba.

Asabar, 24 ga Mayu, da yamma

Ƙarfe sha ɗaya anka sa. Sha ɗaya ta yi, ƙofar gida ta cika, duk 'yan kasuwa sun zo, har mai shayi a sahun gaba inda zai fi gani da kyau. Liman ya dubi agogo. Baffan ango ya dubi tabarmar da anka shimfiɗa wa waliyyi, ya dube ni, ya dubi sama. Na ce ban faɗa ba? Kallon mutanen Tozai.

Sha ɗaya da kwata Bashar ya matso ya raɗa mani ko a sa Magatakarda ta tsara abin da za a gaya wa jama'a. Na ce in ya sake ambatonta sai na sa shi cikin buhu na ɗinke.

Sha ɗaya da rabi na ji mashin. Na san tarinsa ko cikin mashin ɗari. Ya sauka da sabuwar riga da tsohuwar hular nan, ya ratsa mutane, ya zauna a tabarmarsa, bai dube ni ba. Ya ce wa liman a yi haƙuri, wani jaki ne ya tare hanya. Ban sani ba ko da gaske akwai jakin.

Anka yi salati. Wakilin ango ya nema wa Mannir auren Na'ima. Liman ya juya ya ce, "Waliyyi?"

Yaya ya gyara murya, muryar nan da ake ji daga Ƙonni. Ya ce, "Ni Maccido na ba da. Ɗiyata ce." Ya tsaya. Na ɗauka ya gama. Sai ya ce, "Ubanta ma ɗana ne."

Rabin mutanen da ke zaune suna nan ranar waccan Lahadi, sun ji abin da na faɗa, kuma duk sunka juyo kaina. Shi ma ya juyo, karo na farko.

Ba waya a aljihuna, ba abin da na tsara. Na miƙe tsaye, abin da ba a yi a wurin ɗaurin aure, na ɗaga murya daidai yadda na ɗaga ta a kasuwa, don wanda ya ji waccan shi ji wagga.

Na ce, "Haka ne. Shi ne ubana."

Liman ya ce a yi Fatiha. Ina tafin hannuna a fuska na ji Yaya ya ce, ba a hankali ba don bai iya ba, "Zauna, Jakin Inna, ka tare wa mutane iska."

Na zauna kusa da shi. An kawo fura, ya sha.